Makullin Famfo

Ni ad da makullin famfon garinmu.
Shekara ukku shina rataye ga wuyana
tare da na rumbu, zare guda.
Na rumbu ya yi sumul don aiki,
na famfo ya yi ja, sai shan zufa.

Garinmu bisa dutse shike, arewa da Gada,
inda mota ka ƙare magana
ta bar ma jaki sauran zance.
In ka tsaya bakin gangare da hantsi
kana hangen fadama kore shar can ƙasa,
kamar tabarmar da anka shimfiɗa ma wani baƙo.

Ranar da sunka zaka da injin haƙa
kwana biyu munka yi muna kauda duwatsu
don babbar mota ta samu hawa.
Nomau ya bar farce guda ga aikin ga.
Ruwa ya fito ran Laraba, bayan la'asar,
da sanyi kamar na randar tsohuwa.
Inno Tumba tat tara hannu tas sha,
tac ce, "Ashe ƙarƙashinmu shike tun dauri,
muna bisa kainai muna ƙishirwa."

Wata bakwai munka yi muna mutane.
'Yan mata sunka koma ajin Malam Jaɓɓi,
Hajo tad dasa zogale bayan ɗaki,
har wanki anka yi ba don Juma'a ba.

Sannan wani abu yaƙ ƙone cikin akwatin,
ɗan ƙarami, bai kai kwalin ashana ba.
Farantai na bisa suna shan rana har yau.
Tanki na tsaye wofi, iska na kiɗa shi.
Allon da anka kafa da sunan aikin
awaki ka sosa jiki gare shi.

Na tafi sakatariya sau huɗu.
Na farko anka ce mai sa hannu ya tai Sakkwato.
Na biyu anka ce in rubuto.
Na rubuto, Malam Jaɓɓi yag gyara min baƙi.
Na huɗu mai gadi yag gane ni,
yab ba ni ruwa cikin leda.
Nis sha, nik kawo ledar gida,
har yau ban san dalili ba.

Yanzu tun assalatu jakuna ka sauka,
jarka huɗu-huɗu, rawaya,
'yan mata biye, aji ya koma rabi.

Daren da haihuwa tag gardama ma Kulu
bisa ƙyauren ɗaki munka ɗauke ta, mu shidda,
tocila ga baki, ƙafa na laluben dutse.
Yaron ya zo rabin hanya, gindin aduwa.
Ruwan da anka wanke shi na butar alwalata na.
Sunanai Usmanu,
amma kowa Gangare ka ce mai.

Akwai wani dutse gabas da masallaci
inda waya ka kamawa in ka ɗaga hannu,
wani bi ma ta Nijar ka shigowa.
Can nika hawa duk Lahadi in kira lambar injiniya.
Mace guda ka amsawa, da Turanci,
kalma guda kullum, ba ta gajiya.
To, ni ma.

Albasa ta yi kyau bana.
Mun aje buhu guda-guda, gida talatin da biyu.
Arzika ya ce akwai mai gyara Illela,
yaro na, amma ya san akwatin ga.
In ya yarda da hawa, jakina ya huta da jarka,
shi ka ɗauko shi.

Jiya na goge makullin da toka da lemun tsami,
na ɗiga mai man gyaɗa.
Gangare ya fara tsayuwa.
Ya kama zaren ga wuyana shina ja,
shina son sa shi baki.